Ɗumin Baƙo

Litinin, 12 ga Mayu, da yamma

Jirgi ya sauke mu ya juya. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace, sai Warren ya ce, "Lorna, kallo ba zai dawo da shi ba, zo ki kama min igiyar tantin nan." Haka yake cewa kowace shekara. Shekara ashirin da ɗoriya da aurenmu, bai taɓa canza ko kalma ɗaya ba.

Mu huɗu ne bana. Odile ce shugaba. Ta haura sittin, gwiwarta ta hagu ta gama aiki, amma ba ta yarda a faɗa a gabanta. Warren yana kan na'urorin auna ƙanƙara. Russ yana kan injin haƙa da janareta da baburan ƙanƙara biyu. Ni ce mai duba lafiyarsu, kuma tunda babu mai iya dafa abin da ɗan adam zai ci a cikinsu, tukunya ma tawa ce.

Na'urar bara ta nuna wani abu can ƙasa a cikin ƙanƙarar tsibirin nan, wanda ba dutse ba ne. Shi muka zo gani. Odile ta ce haƙa kaɗai zai ci mana wata guda.

Na gwada oba-oba. Sipora, wadda ke riƙe da rediyo a garin bakin teku, ta amsa tun kafin in gama kiran sunanta. Ta ce 'yarmu Tess ta bugo, a gaya wa babanta kada ya kuskura ya wuce ƙarshen Yuni, don jikansa da ke cikinta ba zai jira shi ba.

Talata, 13 ga Mayu, bayan abincin rana

Babu wani haƙa da za a yi. Abin ya riga ya fito da kansa.

Mun hau tudun da ke bayan sansani sai ga shi a ƙasa, cikin wani kwari da ya narkar wa kansa. Baƙi ne wuluk, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya, girmansa ya kai ƙaramin ɗaki. Ba tsaga, ba ƙofa, ba rubutu. Rana tana dukansa amma ba ya sheƙi. Dusar ƙanƙara ba ta zama a kansa.

Muka gangara muka kewaye shi. Russ ne ya fara magana.

"To, Shugaba, aikina ya ƙare. A kira min jirgi."

"Rufe mana baki," in ji Odile.

Kafin in hana shi ya cire safar hannu ya ɗora tafinsa a kai. Sannan ya waiwayo. "Likita, zo ki duba baƙon naku, zazzaɓi yake yi."

Na taɓa. Da ɗumi, kamar cikin kare mai barci. Shi ke nan abin da na ji. Warren ya daɗe da hannunsa a kai har sai da na ce masa hancinsa ya fara fari.

Sunan ya bi shi. Kowa Baƙo yake cewa yanzu.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Russ ya karya bakin haƙa biyu a jikinsa, ko ƙwarzane babu. Duk batirin da aka kai kusa da shi sai ya mutu. Odile ta koma rubutu da fensir, tana ta dariya kamar yarinya.

Zomaye sun zo jiya, farare, sun kwanta a gefensa. Yau da safe akwai dila a tsakiyarsu. Ya ɗora haɓarsa a ƙasa, zomo na jingine da bayansa. Warren ya zana su a takarda, tunda kyamara ba ta aiki.

Na yi gurasa a kasko da miyar wake. Russ ya ci huɗu ya nemi ta biyar, ya ce idan Warren ya mutu shi zai aure ni saboda gurasar nan kawai. Warren ya ce ya ɗauka tun yanzu, amma ya sani ina minshari.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Russ ya bar abincinsa. Russ!

Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Likita. Ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba." Na auna shi. Ba zazzaɓi, zuciyarsa tana bugawa a hankali kamar ta mai barci. Ya miƙo min kwanon da hannu biyu, har da godiya, ya koma kwari.

Odile da Warren sun ci rabi-rabi.

Na ci nawa, na ci sauran nasu.

Litinin, 19 ga Mayu, da rana

An daina aune-aune. Su ukun suna fita da safe, su zauna su jingina bayansu da Baƙo, ba sa dawowa sai na je na kira su. Ba sa hira. Ba barci suke ba, idanunsu a buɗe.

A tanti na tambayi Warren, "Wai me kuke ji ne a wurin?"

Ya yi tunani sosai, don shi ba ya amsa tambaya da gaggawa. Ya ce, "Kin san firijin gidanmu? Yana ta ƙara yini guda ba ki sani ba. Sai ya tsaya, sannan ki gane ashe tun safe yana damun ki. To haka. Wani abu ya tsaya."

"Me ya tsaya?"

"Ban sani ba, Lo. Ban san yana nan ba sai da ya tsaya. Ke ba ki ji ba?"

Na ce na ɗan ji. Ƙarya nake.

Na gaya wa Sipora mutane sun daina cin abinci, a turo jirgi. Ta ce hazo ya rufe musu filin jirgi, amma da ya washe za a taso.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Na je na zauna tsakanin Warren da Odile. Na jingina bayana, na rufe ido, na jira. Wandona ya jiƙe, ƙafata ta mutu, na yi ta tunanin ko na kashe risho. Da na tashi ba wanda ya ɗago.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Na dafa na mutum huɗu.

Juma'a, 23 ga Mayu, da rana

Sun daina dawowa tanti. Na kai musu barguna, na kai ruwan ɗumi da sukari da gishiri a fulas. Idan na sa cokali a bakin Warren yana haɗiyewa, ya ce "Na gode, Lo," kamar na miƙa masa jarida. Odile ma tana sha, don kada in damu, in ji ta. Russ kuwa murmushi kawai yake yi ya kau da kai.

Na ce, "Russ, ƙaton banza, buɗe bakinka."

"Bar shi, Likita. Ba wa zomo."

Bareyin ƙanƙara sun iso, garke guda. Ban san ta inda suka biyo ba, babu ciyawa a nan ko ta magani. Bayansu kyarketai uku. Na ɗauko bindiga, sai suka wuce ta gabana ko kallona ba su yi ba, suka nemi wuri suka kwanta. Yanzu sai na tsallake jikin dabbobi kafin in kai ga mijina.

Zomayen farko sun fara mutuwa. Ba sa shure-shure. Suna nan yadda suka kwanta.

Hazon ya iso nan ma. Rana tana zagaye a bayansa, ba ta faɗuwa, ba ta fitowa. Ba don agogon hannuna da ba ya aiki da batiri ba, da ban san safe da yamma ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma

Yau na kama Warren na ɗaga shi tsaye. Bai yi gardama ba. Na riƙe hannunsa muka hau tudu, muka shiga tanti, na zaunar da shi, na cire masa takalma. Har na fara murna. Na juya in ɗora ruwa, da na waiwayo yana mayar da takalmansa, a natse, yana ɗaure igiya yadda ya saba, sau biyu.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na faɗi abubuwa da yawa. Na ce Tess, na ce jikansa, na ce gadon jaririn da ya fara ya bari a gareji ba ƙafafu. Na ce wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Tess za ta yi lafiya. Ke ma za ki yi lafiya. Ki daina wahalar da kanki." Ya sumbaci goshina, ya ɗan matsar da ni gefe kamar labule, ya fita.

Da ma ya yi min tsawa. Da ma ya ture ni.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

Oba-oba ba ta kamawa daga sansani yanzu. Sai na ɗauke ta da batiri a amalanken ƙanƙara na yi nisa kudu, sannan muryar Sipora take fitowa. Babur ɗaya ya mutu. Ɗayan, tsohon da ake tayarwa da igiya, yana tashi. Na kai shi nesa na ajiye.

Matuƙin jirgi ya zagayo jiya, na ji ƙararsa a sama. Sipora ta ce agogunan jirgin sun rikice da ya matso, kuma filin da muka sauka ya zama taɓo. Ba zai sake gwadawa ba. Manya a kudu suna ta taro, wai za su turo masana.

"Yaushe?"

"Lorna, kin san mutanen kudu da taro."

Ta ce Tess ta sake bugowa, tana so ta ji muryar babanta. Na ce a gaya mata yana wurin aiki, yana gaishe ta. Sipora ta ce, "Ke fa, kina ci?"

Na ce ci kamar me. Yunwa nake ji kullum. Ina ci a tsaye, daga tukunya, kamar ɓarauniya.

Ban so ta kashe ba. Na tambaye ta yanayin garinsu, da karnukan babanta, da ko an kawo lemo kanti. Ta gane, ta yi ta ba ni labari har batiri ya yi sanyi.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Leɓen Russ ya tsattsage. Na ɗaura masa ruwa a jijiya, na rataye ledar a sandar tanti. Da na dawo ya zare allurar, ya naɗe robar da kyau, ya ajiye min a kan bargo.

"Kada ki ɓata kayanki, Likita."

Na ce zan ɗaure masa hannuwa. Ya ce, "Da auren namu bai yi daɗi ba ke nan." Ya yi dariya, ba sauti.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ba zan rubuta yau ba.

Alhamis, can da yamma

Russ ya rasu. Yana da nauyi, duk da ramar. Na sa shi a tamfol na ja. Bayan rumfar mai akwai inuwa, ƙanƙarar wurin ba ta narke ba tukuna. Na ɗora duwatsu saboda hankaki, ko da yake hankakin ma suna kwari.

Na gaya wa Odile. Ta ce, "Eh, na ji lokacin." Na gaya wa Warren. Ya gyaɗa kai, ya ɗan matsa ya cike gurbin.

Bargonsa na ba Odile.

Juma'a, 30 ga Mayu, da rana

Na dafa na mutum huɗu. Mantawa na yi.

Asabar, 31 ga Mayu, da safe

Na gaya wa Sipora mu uku ne yanzu. Ta ambaci sunan Allah da yarensu.

Sannan ta ce in saurara da kyau. Akwai bukkar mafarauta a bakin gaɓar kudu, tafiyar yini a babur. Yayyenta biyu za su iya zuwa can ta kan ƙanƙarar teku, amma ba za su matso kusa da abin nan ba, babansu ya hana, ita ma ta hana. Kuma teku ya fara buɗewa. In zan taho, in taho cikin makon nan.

"Ba za su yarda su biyo ni ba," na ce.

"Ke ce mai magani," in ji ta. Ba ta ƙara ba.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Na sake zuwa. Wannan karon na zagaya ta bayan Baƙo inda ba za su gan ni ba, na ture wata barewa da ta mutu, na cire riga ta sama, na manna ƙirjina da kumatuna a jikinsa.

Na yi masa magana. Ni, Lorna, mai shekara hamsin da biyar, ina roƙon baƙin dutse. Na ce me na yi? Zomo ya ji, kyarkeci ya ji, Russ da bai taɓa zama wuri ɗaya na minti biyar ba ya ji. Ni me ya sa? Na ce ko kaɗan ne, in ɗanɗana, in san inda mijina ya tafi.

Ɗumi kawai. Sai cikina ya yi ƙugi.

Na yi tunanin ko maganin hawan jinina ne, ko kunnena na dama da ba ya ji tun ina yarinya. Na daina shan maganin tun ranar Talata don in gani. Ba abin da ya canza sai ciwon kai.

Na dawo na buɗe gwangwanin nama na cinye da yatsa. Na yi kuka ina ci.

Litinin, 2 ga Yuni, da rana

Ruwa ya kewaye kwarin. Saura wata 'yar hanya ta gabas, ita ma tana lotsawa in na taka. Warin dabbobin ya fara tashi.

Na duba akwatin magani. Allurar barci za ta ishi mutum biyu. Na ɗaure katifu a amalanke, na cika tanki, na ɗora jarka.

Da na kai ruwan sukari, Odile ta riƙe wuyan hannuna. Ta rame har zobenta yana yawo, amma idonta tar.

"Na ga kina shirya amalanke."

Ban musa ba.

"Zauna, 'yar nan." Ita kaɗai ke ce min haka. Na zauna. Ta ce, "Hankalina ɗaya. Tambaye ni ranar haihuwata, tambaye ni lissafi. Na san abin da ya sami Russ, na san shi zai same ni. Tun ina yarinya nake gudu, Lorna, ban san abin da ke kora ta ba. Yanzu ya daina. Gwiwata ma ta daina. Ba ni da kowa a gida can Kebek sai kyanwa, ita ma maƙwabciya ta fi so. Kada ki sa min allurar nan."

"Aikina ne in mayar da ke gida."

"Na sani. Ni kuma shugabarki ce, na sallame ki."

Na ce, "To ki gaya min mene ne shi. Ke ce masaniya."

Ta shafa jikinsa da bayan hannu. "Da farko na zaci aiko shi aka yi. Yanzu ina ganin ba ruwansa da mu. Wataƙila shi ma hutawa yake."

Warren yana gefenmu, yana jin komai. Bai dube ni ba. Ni ma ban dube shi ba.

Talata, 3 ga Yuni, da safe

Ruwa na tafasa. In na sha kofi zan tafi.

Laraba, 4 ga Yuni, a bukka, da yamma

Mun iso. Hannuna ba ya riƙe fensir da kyau.

A can kwari na ce wa Warren, "Kawo hannunka in auna ka." Ya miƙo. Da ya ga allurar ya ce, "Lo." Sau ɗaya. Bai janye ba, ba shi da ƙarfin janyewa. Na riƙe kansa har ya yi nauyi.

Jan sa ya fi na Russ sauƙi. Sau biyu ƙafata tana burmawa cikin ruwa har gwiwa. Na bi ta kan dabbobi, masu rai da matattu, ba wanda ya motsa. Na kai shi kan tudu, na ɗaure shi a amalanke da igiya kamar kaya.

Na koma da allura ta biyu a aljihu. Na tsaya a gaban Odile. Hanyar tana nan, da zan iya. Ina so in rubuta wannan daidai: da zan iya.

Ta dube ni, ta dubi aljihuna. Ta ce, "A'a."

Na gyara mata barguna biyun. Na ajiye fulas kusa da hannunta, na san ba za ta taɓa ba. Ta ce in kula da gangaren da ke bayan tafki, yana da ramuka. Na ce to. Ban san yadda ake sallama irin wannan ba, sai na ce, "Sai anjima." Ta ce, "Sai anjima, 'yar nan."

Daga kan tudu na waiwaya sau ɗaya. Hularta ja ce, ita kaɗai ce ja a duk kwarin.

Tafiyar ba ni da abin faɗi a kanta. Fari, ƙara, fari. Ina tsayawa in taɓa wuyansa in ci gaba. Can wajen rabin hanya hazo ya yanke kamar an ja shi da hannu, rana ta fito, na ga teku.

Bukkar katako ce, gado biyu, murhu, gwangwanin shayi da wani ya bari. Na kunna wuta. Yana barci har yanzu.

Alhamis, 5 ga Yuni, da safe

Ihunsa ne ya tashe ni. Ban taɓa jin Warren ya yi irin wannan sautin ba, ko ranar da babansa ya rasu. Ya dunƙule a ƙasa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana cewa, "Ya dawo, ya dawo, kashe shi." Babu abin da ke ƙara a ɗakin sai itace a murhu.

Na rungume shi. Ya ture ni har na bugu da gado.

Na zauna inda na faɗi ina dariya da hawaye. Ya ture ni. Da ƙarfinsa, da fushinsa.

Alhamis, da yamma

Ya sha romo. Da kansa ya riƙe kofin, ya shanye ya miƙo a ƙara. Na ce a hankali, cikinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce, "Yunwa nake ji," kamar mai faɗin sunan cuta.

Sipora ta ce yayyenta sun taso. Gobe in ƙanƙara ta yarda. Na gaya mata mu biyu ne. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata.

Ya tambayi Russ. Na gaya masa, duk da yana wurin aka yi. Ya rufe fuska ya daɗe. Ya ce, "Na matsa na zauna a wurinsa, ko?" Na ce eh.

Juma'a, 6 ga Yuni, da safe

Ya zauna a bakin ƙofa da bargo, fuskarsa tana arewa, wajen Baƙo. Na kai masa shayi na zauna a gefensa. 

"Odile kin tambaye ta," ya ce.

"Ita ta faɗa min."

"Kika bar ta."

"Na bar ta."

"Ni fa?"

"Kai ban tambaye ka ba."

"Me ya sa?"

Na so in ce Tess. Na so in ce jariri. Amsoshin suna nan a bakina, masu kyau, waɗanda zan faɗa wa mutanen kudu in sun zo da tambayoyinsu. Na ce, "Don na san abin da za ka ce."

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "A can ban rasa komai ba, Lo. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama bai rasa komai ba."

"Ko ni?"

Bai yi gaggawa ba. Da ma ya yi.

"Ko ke."

Na karɓi kofin na shiga ciki na wanke shi, ko da yake bai gama sha ba.

Juma'a, da rana

Na fito zubar da ruwa na same shi tsaye wajen babur. Ba abin da yake yi. Hannunsa kawai yana kan igiyar tayarwa, yana duban jarkar mai. Da ya gan ni ya ce yana duba ko akwai yoyo. Na ce akwai? Ya ce babu.

Ya koma ciki ya kwanta. Ya tambaye ni wane suna Tess ta ce za ta sa in mace ce. Na gaya masa. Ya maimaita sau biyu a hankali, ya ce ba laifi. Sannan ya juya fuskarsa bango, bangon arewa.

Na jira numfashinsa ya daidaita. Na ɗauki sifana na fita na kwance fulogin babur.

Ina jin ƙarar injuna daga kudu yanzu, can nesa, tana zuwa tana ɓacewa. Za su iso kafin ruwan shayi ya huce. Za a kai mu gari, daga nan jirgi, daga nan gida. A gida akwai mota, akwai jiragen haya, akwai mutanen da za su so wanda ya san hanya ya raka su. Ba zan iya kwance duka ba.

Wannan fulogi ɗaya dai yana cikin safata. Yana da sanyi, yana cin idon sawuna in na taka.

Ya motsa. Yana kira na.